Gem ya iso gida, kwandala ta tsaya a hanya

Kwanakin baya na zauna a falo ina kallon ɗan ƙanina, yaro ɗan shekara 12, yana buga Final Fight. Wasan faɗan titi ne da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1989, daga baya aka haɗa shi da wasu 'yan'uwansa 6 a ƙunshi ɗaya, aka sake sayar da su a 2018 don na'urorin gida. Yaron yana kutsawa tsakiyar 'yan daba kai-tsaye, ba kaucewa, ba ja da baya. Da rayukansa sun ƙare sai ya latsa wani maɓalli, ya tashi a daidai inda ya faɗi. Na fara ƙirga masa, da na wuce 20 na bari. Kafin a kira Magariba ya kai ƙarshe, ya ajiye abin dannawar a kan kujera ya ce, "Baffa, wannan ne gem ɗin da kuke ta yabo? Ai babu komai a ciki."

Ban yi masa gardama ba, don abin da ya gani ya faɗa. Maɓallin nan da yake latsawa kyauta, a asalin wasan rami ne da ake jefa kwandala: yen 100 a Japan, kwatan dala a Amurka. Yaron da ya zo gaban akwatin a 1989 da kwandala 3 a aljihu ba ya faɗa wa 'yan daba da ka. Yana lura da wanda ke riƙe da wuƙa, ya san gangar da za a fasa a sami nama, ya san lokacin da zai yi baya. A bayansa kuma akwai mutum huɗu ko biyar suna leƙe ta kafaɗarsa, kowa na jiran ya mutu. Hotunan da ɗan ƙanina ya gani su ne na asali, sautin shi ne, ko ɗigo ba a canza ba. Amma tsoron asara da idon jama'a, waɗanda a kansu aka gina wasan tun daga tushe, ba su biyo shi falo ba.

Wannan shi ne abin da ke damuna game da kasuwar sake fitar da tsofaffin wasannin akwati, kasuwar da ta bunƙasa ƙwarai a 'yan shekarun nan. Ina murna da ita, ina kuma saye. Sai dai kowane zango na tafiyar wasannin nan daga shago zuwa gida akwai kayan da ake yarwa a hanya, kuma ba kasafai mai sayarwa ke gaya wa mai saye abin da aka yar ba.

A tuna yadda abin ya fara. A 1972 Allan Alcorn ya ƙera wa kamfanin Atari wasan Pong, aka kai akwatin gwaji wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba aka kira shi cewa injin ya lalace. Da ya buɗe sai ya tarar lafiyarsa lau, mazubin kuɗin ne ya cika har kwandala ta rasa wurin faɗawa. Tun daga ranar, mazubin nan ya zama alƙalin sana'ar. Mai shago ne ke sayen akwati, kuma lissafinsa ɗaya ne: nawa injin ya tara a mako? Saboda haka dole mai ƙera wasa ya yi abu biyu da suke karo da juna. Ya kashe ɗan wasa cikin 'yan mintoci don na baya ya samu shiga, ya kuma bar masa jin cewa laifinsa ne, in ya sake gwadawa zai wuce. In wasan ya yi sauƙi, mai shago ya yi asara. In ya yi zalunci a fili, yara su koma akwatin da ke gefe. A cikin yawancin injinan ma akwai wasu ƙananan makunnai a jikin allon lantarki, inda mai shago zai ƙara wahala ko ya rage yawan rayuka in ya ga yaran unguwa sun ƙware. Gauntlet na 1985 bai ɓoye komai ba: ƙarfin jarumin yana raguwa ko da yana tsaye ba wanda ya taɓa shi, kwandala kuma tana ƙara masa.

Wani zai ce ai wannan tatsar yara ce kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma a cikin wannan matsi aka samu gwanintar da har yau ake koyo daga gare ta. Tomohiro Nishikado, wanda ya yi wa Taito wasan Space Invaders a 1978, ya lura cewa ƙwaƙwalwar injinsa tana nauyi idan dodanni 55 suna kan allo, tana kuma sauri yayin da ake rage su. Bai gyara ba, ya bar shi haka, sai na ƙarshen ya zama yana gudu kamar an koro shi, kiɗan ma yana ƙara sauri tamkar bugun zuciya. Toru Iwatani da abokan aikinsa a Namco sun ba kowace fatalwa a Pac-Man na 1980 halinta. Jar tana bin ka kai-tsaye. Mai ruwan hoda tana nufar gabanka don ta tare hanya. Mai ruwan lemo tana matsowa, in ta zo kusa ta juya ta nufi lungunta. Wanda ke biyan kuɗi shi ke gano waɗannan halaye, domin kowane kuskure yana ji a aljihunsa.

A zangon farko na kawo su gida, jikin wasan ne ya sha wuya. Na'urar Atari 2600 ta samu Space Invaders a 1980, kasuwarta ta tashi sosai, kowa ya gane cewa sunan da ya yi tashe a shago shi ke sayar da na'ura a gida. Sai aka zo kan Pac-Man a 1982. Na'urar ba ta da ƙarfin zana fatalwa huɗu a lokaci guda, don haka aka riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, suna ƙyaftawa har ido ya gaji. Launi ya canza, hanyoyin sun canza, sautin ya zama wani abu dabam. An sayar da kaset fiye da miliyan 7, amma mutane da yawa sun ji an yaudare su, kuma wannan na cikin abubuwan da ake ambata idan ana lissafa dalilan rushewar kasuwar gem a Amurka a 1983. Donkey Kong na akwati mataki 4 ne, da Nintendo ta kai shi na'urarta ta gida ya koma 3. Final Fight ɗin da na fara da shi, da ya zo Super Nintendo, an cire jarumi ɗaya cikin ukun, an kuma cire damar mutum biyu su buga tare. Kamfanin SNK ne ya ce shi ba zai rage komai ba, ya fitar da Neo Geo a 1990 mai kayan ciki iri ɗaya da na shago. Kuɗinsa a Amurka ya kusa dala 650, kaset ɗaya kuma dala 200 ko fiye. Sai 'ya'yan masu hali.

A nan ne labarin ya ratso ta ƙofarmu. Mu da muka tashi a garuruwan Arewa, yawancinmu ba a gaban dogayen akwatunan nan muka san Street Fighter II da Mortal Kombat ba. A gidan gem muka san su, shago mai benci biyu da talabijin mai ƙeya da Sega a kan tebur, an rufe ta da tsumma saboda ƙura. Wato na'urar da aka ƙera don falo, mu muka mayar da ita shago. Ka biya mai shago, ka karɓi abin dannawa wanda maɓallinsa ɗaya ya lotsa, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba. Ina iya tuna yadda tafin hannuna ke jiƙewa da gumi idan na ga layin da ke bayana, da yadda shagon ke yin tsit idan ƙarfin mutum biyu ya rage kaɗan, da ihun da ake yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, kowa na rantsuwa shi ne zai ci. Hotunan Sega ba su kai na akwati kyau ba, muryoyin ma a shaƙe suke. Duk da haka ina ganin mun fi kusa da ainihin wasan fiye da yaron da ke da cikakken kwafi shi kaɗai a ɗaki, domin kuɗin da taron duk muna da su. A Amurka yara kan jera kwandalarsu a jikin gilashin akwati don kama layi. Mu da baki muke kamawa: "Ni ne bayan wanda aka ci."

Daga tsakiyar shekarun 1990 na'urorin gida suka yi ƙarfin da za su kwaikwayi tsohon inji gaba ɗayansa. Maimakon a sake rubuta wasa, sai a rubuta manhajar da za ta yi kamar ita ce allon lantarkin 1980, a ɗora mata asalin lambobin wasan. Abin da ke fitowa shi ne wasan da kansa, har da kurakuransa. Pac-Man yana hargitsewa a mataki na 256, rabin allo ya cika da tarkacen haruffa, kuma a kwaikwayo mai kyau haka zai hargitse. Namco ta fara jerin Namco Museum a PlayStation a 1995, wasu suka bi sahu.

Amma babban aikin ba kamfanoni suka yi shi ba, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙa faɗa da babbar murya. A watan Fabrairun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka taru a kanta. Manufarsu ita ce rubuta yadda kowane inji yake aiki kafin ya mutu. Su ne ke bin gwanjo da tsofaffin ɗakunan ajiya suna sayen alluna masu tsatsa da kuɗin aljihunsu, suna kwashe abin da ke ciki. Kuma mutuwar injinan ba almara ba ce. Allon CPS-2 da Capcom ta fara amfani da shi a 1993 an kulle lambobinsa don hana satar fasaha, mabuɗin kuma yana zaune a wata 'yar ƙwaƙwalwa da batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya ƙare, mabuɗin ya goge, allon ya zama gawa. Sai a 2007 Andreas Naive da Salmoria suka warware kullin. Shekaru da dama ana kallon masu irin wannan aiki a matsayin ɓarayin zaune. Sony ta kai masu manhajar kwaikwayon PlayStation kotu a ƙarshen shekarun 1990, amma da ta tashi fitar da ƙaramar PlayStation Classic a 2018, manhajar 'yan sa-kai ta saka a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina cewa kamfani ba shi da haƙƙi a kan abin da ya ƙera ba ne. Yana da shi, kuma wanda ya samu halastacciyar hanyar saye ya kamata ya saya. Tambayata ita ce: wanda ba a sayarwa fa?

Domin abin da ke hana tsohon wasa dawowa a yau ba ƙarancin fasaha ba ne, takarda ce. OutRun da Yu Suzuki ya yi wa Sega a 1986 jar Ferrari ake tuƙawa a cikinsa. A fitowar baya-bayan nan an sauya fasalin motar, kuma OutRun Online Arcade an janye shi daga kasuwa da yarjejeniyar Ferrari ta ƙare. Ms. Pac-Man na 1982 wani ƙaramin kamfanin Amurka, General Computer Corporation, ne ya ƙirƙiro shi, rikicin kuɗin haƙƙinsa kuma ya daɗe yana ja. Da aka sake fitar da Pac-Land a 2022, Ms. Pac-Man ɗin da ke tarbar Pac-Man a ƙofar gida an goge ta, an zana wata a gurbinta mai suna Pac-Mom. Yaron da ya saya yau zai ɗauka haka aka yi shi tun 1984. Donkey Kong na 1981 Shigeru Miyamoto ne ya tsara shi, amma kamfanin Ikegami Tsushinki ne ya rubuta lambobin, suka yi shari'a da Nintendo, kuma asalin na akwatin bai fito a matsayin hajar kansa a na'urar gida ba sai 2018, bayan shekara 37. Marvel vs. Capcom 2 an cire shi daga shagunan intanet a ƙarshen 2013, bai dawo ba sai 2024. Waɗannan fa manya ne masu gata, waɗanda ke da miliyoyin masu kuka a kansu. Wasan ƙaramin kamfanin da ya rushe tun 1990, wanda ba a ma san a hannun wa takardunsa suke ba, wa zai nemo shi?

A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike a kan wasannin bidiyon da aka saki a Amurka kafin 2010, ta gano kashi 87 cikin 100 ba sa kasuwa ta kowace fuska. A lura, wannan lissafin wasannin bidiyo ne gaba ɗaya, amma ya nuna girman ramin. Masu adana tarihi sun roƙi a ba ɗakunan karatu damar nuna wa masu bincike irin waɗannan wasanni daga nesa ta intanet, kamar yadda ake yi da littattafai da finafinai. Ƙungiyar manyan kamfanonin gem ta ƙi amincewa, kuma a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yi watsi da buƙatar. A ganina wannan hukunci kuskure ne. Wanda ya ƙi sayar da abu, ya kuma hana a adana shi inda ɗalibi zai gani, ya zaɓi abin ya ɓace ke nan. Sayen ta intanet ma ba tabbas ba ne. Nintendo ta rufe shagon Wii a 2019, na 3DS da Wii U a 2023, kuma tsofaffin wasanni masu yawa da a nan kaɗai ake samunsu da halas suka bi shagunan.

Akwai kuma asarar da ba laifin kowa ba ce. Masu zanen wancan zamani sun yi aikinsu ne don talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da ɗigo cikin ɗigo har launi biyu su haifi na uku. A filasma ta yau hoton yana fitowa da kaifi, murabba'i-murabba'i, ba yadda mai zanen ya gan shi ba. Bindigar wasannin harbi irin su Time Crisis da hasken tsohuwar talabijin take gane inda aka nuna ta, a sabuwa ba ta gani. Pac-Man da Galaga da Donkey Kong allonsu a tsaye yake, talabijin ɗinmu a kwance, shi ya sa ake cike gefe da gefe da ado. Centipede da ƙwallo ake murza shi a ƙarƙashin tafin hannu, Hang-On kuwa babur ake hawa a karkata da jiki. Ƙananan akwatunan da aka fitar a 'yan shekarun nan, irin su Arcade1Up da Astro City Mini na Sega da Egret II Mini na Taito mai allon da ake juyawa, ƙoƙari ne na mayar da wani abu daga wannan. Ga shi kuma shagunan asalin suna raguwa har a Japan. Sega, wadda sunanta ya daɗe a saman dogayen gine-ginen gem na unguwar Akihabara a Tokiyo, ta sayar da mafi yawan harkar shagunanta a 2020, ta saki ragowar a 2022.

To wace irin sake fitarwa ce ta cancanci kuɗin mutum? Ni dai ina auna ta da gaskiyar da ta faɗa game da wasan. Kamfanin Hamster na Japan, wanda ya fara jerin Arcade Archives a 2014 yana kuma fitar da tsohon wasa kusan kowane mako, ya burge ni a nan. Yana ba ka makunnan mai shago ka saita da kanka, yana da tsarin da za ka buga da kwandala ɗaya tak a rubuta makinka, da wani na minti 5, sannan a jera sunanka da na mutanen duniya. Wannan jeri jikan teburin nan ne na haruffa uku da Asteroids na 1979 ya yaɗa, inda yaro ke barin sunansa a akwatin unguwa har sai wani ya ture shi. Atari 50, wanda Digital Eclipse ta yi a 2022, ya bi wata hanyar: ya jera wasannin bisa shekaru, da takardun zane, da tallace-tallacen lokacin, da hirar waɗanda suka yi aikin, har mai bugawa ya san me ya sa abu kaza ya zama haka. Wasannin faɗa kuma da aka ba su damar karawa ta intanet sun samu wani yanki na taronsu, ko da yake abokin karawar da ba ka ganin fuskarsa ba ɗaya yake da wanda gwiwarsa ke gugar taka a benci ba.

Wadda ba na so ita ce a kwaso wasa 30 a zuba a faifai kamar an juye buhu, ba bayani, ba tarihi, a ba da kwandala mara iyaka da maɓallin mayar da lokaci baya, a ce ga tarihi nan. Ban ce a cire waɗannan sauƙaƙawa ba. Dattijon da hannunsa ya yi nauyi yana da haƙƙin ganin ƙarshen wasan da ya gagare shi yana yaro, haka ma mai lalurar da ba ta barinsa saurin dannawa. Amma a gaya wa sabon shiga yadda aka nufi a buga shi, a sa wannan a gaba, sauƙin ya zama zaɓi. Layi biyu a farkon allo sun isa. Rashinsu ne ke sa yaro ya gama Final Fight kafin Magariba ya tashi da yaƙinin cewa mutanen wancan zamani ba su san abin daɗi ba.

Da ɗan ƙanina ya sake zuwa hutun ƙarshen mako, na tara murafen kwalbar lemo, na ba shi 3, na ba ɗan maƙwabcinmu 3. Na ce duk wanda zai latsa maɓallin nan sai ya ajiye murfi ɗaya a faranti, in sun ƙare a koma farko. Ranar ba su wuce jirgin ƙasan mataki na biyu ba. Na ji suna faɗa a kan wanda ya cinye naman alhali ƙarfinsa a cike yake, na ji ɗayan yana cewa a daina tsayawa a tsakiya, a jawo su gefe ɗaya. A mako na uku suka isa gaban Sodom, mai takubba biyu a cikin zoben dambe, da murfi ɗaya a hannun kowannensu. Ya kashe su duka. Ɗan ƙanina ya juyo ya ce, "Baffa, a ranta mana ɗaya mana." Na ce babu bashi. Ya kwashe murafen daga faranti, ya raba uku-uku, suka koma farko.